Tseren a-kori-kura da okzilari a kan kwalta: yaya zan yi kada in karya tayarod?

Ɗan Lugbe:

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka san ƙasan mota nake nema. Wa'azin "ka bar gudu" kuwa na sha shi a gida har na ƙoshi.

Ina da Toyota Tundra ta 2012, injin 5.7 V8, mai okzilari (wato tayoyi huɗun duk suna iya jan mota), ƙofa huɗu. Tokumbo ce daga Amurka. Wanda ya riƙe ta a can ya ɗaga gabanta da kamar inci 3. Da ta iso hannuna na sa mata tayoyin laka masu inci 35, na ƙara sifesa mai inci 2 a kowace ƙafa don tayoyin su fito waje. In na faka ta a bakin masallaci ranar Juma'a sai an waiwayo, wannan kam ba ƙarya.

Akwai abokina mai Ford F-150, injin 3.5 mai turbo biyu. Tun azumi muke musu a kan wadda za ta riga wata in an tashi daga tsaye. Yayansa yana da fili a bayan Kuje, an kewaye shi za a yi gidaje amma ba a fara ba, an dai zuba kwalta miƙaƙƙiya a tsakiya. Mun auna da waya, mita 550 ce daga get zuwa katangar ƙarshe, kuma ba kowa a ciki sai maigadi. A can za mu yi, ba ruwanmu da titin filin jirgi. Mun tsayar da mita 402, yadda ake yi a ƙasashen waje.

Ga matsalar. In na tashi da tayoyin baya kaɗai, bodin ba nauyi, sai su yi ta ihu da hayaƙi mota na nan tsaye. Ranar Asabar na je filin na sa 4H, wato okzilarin da ake gudu da shi. Na danne birki, na ba ta wuta, na saki. Ta zabura kam, amma gaban ya dinga tsalle, dim-dim-dim, sitiyarin na neman ƙwacewa daga hannuna. Da na fito titi sai na ga sitiyarin ya karkata hagu kaɗan alhali motar na tafiya miƙe, kuma in na karya kwana sosai ina jin ƙas-ƙas daga dama.

Na ga bidiyon Amurkawa inda tayoyin gaba ke juyowa ciki suna kallon juna lokacin tashi, su kuma suna zura wani bututun ƙarfe a kan tayarod, siririn ƙarfen nan da ke haɗa sitiyari da taya, don kada ya lanƙwashe. Me ya lalace a tawa? Bututun nan zai yi mini aiki? Kuma 4H ya kamata in sa ko 4L, okzilarin ƙaramar giya?

Baban Gareji, Apo:

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai, kada motar nan ta sake hawa babban titi sai an ɗaga ta an duba. Sitiyari ba ya karkacewa don kansa. Ko dai tayarod ɗin ciki ya lanƙwashe, ko notin da ke kulle shi ya saki, ko bushin da ke riƙe rak, wato sandar sitiyarin da ke tura tayarod, ya mutu rak ɗin ya goce gefe. Ƙas-ƙas ɗin kwana kuma galibi kan shaf ne, wato sandar da ke juya tayar gaba, kan na wajen, wanda ke shiga cibiyar taya. Amma fara tabbatarwa okzilarin ya fita, don wani lokaci yana maƙalewa.

Dawakai 381 da ke cikin injin nan, waɗanda suka ƙera motar sun san da su lokacin da suka auna kaurin tayarod. Inci 3 ɗin gaba, da sifesarka, da tayar 35, su ne ba su cikin lissafinsu. Bari in warware maka.

Mota in ta zabura, nauyi yana komawa baya, gaba ya ɗaga. Gaban Tundra ba aksil ɗaya ba ne, kowace taya da hannayenta, na sama da na ƙasa. To in bodi ya ɗaga, tayoyin na nan a ƙasa, sai tayarod da shaf su koma a gicciye, sun sauko daga tsakiyar mota zuwa taya. A motar da ba a taɓa ba, suna farawa ne kusan a kwance, su ɗan karkata, su dawo. Taka tana tsaye ma sun riga sun karkata saboda ɗagawar da aka yi mata, sai ka zo ka ƙara musu ta zabura. A daidai wannan lokacin ne kuma tayoyin gaba ke jan mota da duk ƙarfinsu, kowace tana son juya hancinta ciki, kuma ba abin da ke hana ta sai wannan siririn ƙarfen. Ɗauki karan dawa ka ja shi ta baki biyu, sai ka gaji bai tsinke ba. Danna shi ta baki biyu yana ɗan karkace, nan take zai lanƙwashe. Haka tayarod yake.

Sifesa ita ce ta fi ba ni haushi. Taya tana juyawa ne a kan layin da ya ratsa boljoyin na sama da na ƙasa, wato gaɓoɓin da ke riƙe ta da hannayenta. Duk incin da ka tura tayar waje da wannan layin, ka ƙara mata tsawon hannun da za ta murɗe tayarod da shi. Kai kuma ka tura ta inci 2, ka ɗora roba mai faɗi mai nauyi a kai. Tayar da motar ta zo da ita tsayinta kusan inci 32 ne. Da ka koma 35 ka ƙara wa giya tsawo da kusan kashi 9 cikin 100, wato ka rage wa kanka saurin tashi da kuɗinka. Mai F-150 ba zai gaya maka wannan ba.

Sai tsallen nan da ka ji. Shi ne mai karya ƙarfe. Tayar tana kama kwalta, ta sulluɓe, ta sake kamawa, sau da yawa cikin sakan ɗaya, kuma kowane kamu duka ne a kan shaf da tayarod da haƙoran difarenshal. Ƙarfe yana jure ja mai ɗorewa, duka ne ba ya so. Tayar laka ta fi kowace yin wannan a kan kwalta, saboda manyan haƙoranta suna lanƙwasa su saki. Shokazoba da ta mutu ma tana kawo shi. Da ka ji tsalle ya fara, ɗaga ƙafa daga totur nan take, ko da abokinka zai wuce ka. Wanda ya ce zai taka ya fita daga tsallen da ƙarfi, shi ne muke jawowa da igiya.

Bidiyon da ka gani, yawancinsu Silverado da Sierra 2500HD ne na dizal, na 2001 zuwa 2010. Waɗannan sitiyarinsu ba rak ba ne, akwati ne da doguwar sanda a tsakiya da hannaye biyu masu riƙe ta, sandar ce ke murɗawa ta ba tayoyin damar haɗe hanci. Kuma gabansu a kan sandar toshan yake, sandar da ke murɗewa a madadin sifirin, shi ya sa kafin tsere suke kwance noti su sauke gaban har shaf ya kwanta. Taka sifirin ne mai naɗi da rak. Bututunsu ba zai shiga taka ba. Saukewar gaban ita ce darasin da za ka ɗauka daga wurinsu.

Yadda za a duba, ka tsaya a wurin da kanka, kada ka aika yaro. A sa jak, a kafa mata abin tsaro. Kama taya ta hagu da dama ka girgiza: in akwai wasa, tayarod ne ko rak. Kama ta sama da ƙasa: in akwai wasa, boljoyin ne ko boris. A ciro tayarod ɗin ciki a mirgina shi a kan abu mai shafe, lanƙwasar da ido ba ya gani a jikin mota a nan take fitowa. Wanda ya lanƙwashe ba a miƙe shi da guduma, sauyawa ake yi, kuma ni gefe biyun nake sauyawa tare. A duba robar shaf ko ta yage giris ya fantsama.

4H za ka sa. Maganar 4L ka manta da ita.

Sarkin Hanya, Zuba:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma wannan bayanin ya yi wa yaron nan tsawo. Oga Ɗan Lugbe, ka kai ta wurin mai walda ya ɗora wa tayarod ɗin rodi 12 ta gefe biyu ya ƙone shi da kyau, magana ta ƙare. Haka ake yi wa Hilux ɗin da ke shiga daji ɗaukar gawayi. Kuma ni ban ga laifin 4L ba, ai a nan ƙarfin yake. Ka tashi da ita, in ka yi nisa ka mayar.

Baban Gareji, Apo:

Sarkin Hanya, motar gawayi tana tafiya ne kilomita 20 a awa a cikin rami. In waldar ta saki, sai direba ya sauko ya yi tsaki. Wannan yaron zai wuce 100 kuma akwai katanga a gabansa. Zafin walda yana sauya ƙarfen, wurin da aka ƙona ya yi tauri ya daina lanƙwasa, sai dai ya tsinke ƙat, kuma daidai inda rodin ya ƙare yake tsinkewa. Tayarod da ya lanƙwashe yana kai ka gida da karkataccen sitiyari. Wanda ya tsinke, tayar ce za ta zaɓi inda za ta.

Akwai kuma wani abu. Ko na kanti ka sayo mai kauri, dukan bai tafi ko'ina ba, wucewa zai yi zuwa rak. Je ka tambayi kuɗin rak ɗin Tundra a layinku na Zuba, ka tambayi na tayarod, sai ka dawo mu yi magana. Mai kauri yana da amfani bayan an gyara karkatar an cire sifesa. Kafin nan asarar kuɗi ce.

4L kuwa tana ninka ƙarfin da ke zuwa ƙafafu fiye da sau biyu da rabi. An yi ta ne don hawa dutse da fita daga laka a hankali. A kan busasshiyar kwalta duk wannan ƙarfin a kan shaf zai sauka. Kuma ba a fita daga 4L mota na gudu, sai an tsaya an sa giya a N. To ina tseren?

Tunda mun zo nan, Ɗan Lugbe, ga yadda ake tashi. Jera motar a kan layi tun kana 2WD, wato tayoyin baya kaɗai na ja, sannan ka sa 4H, ka ɗan gangara gaba mita kaɗan har fitilar ta daina ƙiftawa. Sitiyari a miƙe sak, hannu biyu. Shaf ya fi rauni in taya na karkace, ko kaɗan ne. Ƙafar hagu a birki, ɗaga injin zuwa wajen 1,500, kada ka riƙe ta haka fiye da sakan 5 don man giya yana ɗaukar zafi sosai. Saki birki, ka bi da totur a hankali zuwa ƙasa cikin kamar sakan ɗaya, ban da dukan totur. Kada ka ƙona taya kana cikin okzilari. In ka kai ƙarshe, mayar da ita 2WD kafin ka juya. Okzilarin wannan motar ba shi da difarenshal a tsakiya, gaba da baya a kulle suke, in ka karya kwana a kan kwalta komai na ƙasa murɗewa yake yi. Ina zargin a wurin juyawa ka ƙarasa kan shaf ɗin nan ranar Asabar.

Ɗan Dilimi, Jos:

Gaisuwa ga Baba. Duk abin da ya faɗa haka yake, sai dai ni ina ganin akwai hanyar da ta fi araha. Malam Ɗan Lugbe, me ya sa dole sai okzilari? Tayar laka ce ke sa bayanka sulɓi, ba ta da robar da ke taɓa kwalta sosai. Nemi rim ɗin asali da tayar titi, ka rage iskar baya kaɗan, ka ɗora buhun yashi biyu ko uku daidai kan aksil ɗin baya ka ɗaure su tamau da igiyar kaya. Akwai maɓallin da in ka taɓa sau ɗaya kana 2WD fitilar Auto LSD za ta kama, tana matse birkin tayar da ke sulɓi don ɗayar ta ja. In ka tashi a haka, tayoyin gaba ba sa jan komai, tayarod ɗinka na hutawa.

Ƙiyasin 'yan tsere shi ne kowane kilo 45 yana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan a mita 402. To ka cire safaya da jak da tarkacen da ke bayan kujera, kada ka cika tanki, ka ga ka rama nauyin yashin. Amma ɗaurin nan ba wasa ba, buhun kilo 50 da ba a ɗaure ba in ka taka birki gilashin baya zai nufo.

Mu nan masu zuwa gonakin dankali ta Bokkos da Mangu mun fi son Land Cruiser 79 saboda wannan dalilin. Gabanta aksil ɗaya ne, tayarod ɗin daga taya zuwa taya yake, bodi ya ɗaga ko ya sauka shi yana nan a kwance. Sai dai ita ba ta tsere da kowa, ko Keke Napep sai ta yi da gaske.

Kuma ka gode Allah a Kuje za ku yi. Jos ta haura mita 1,200 a sama da teku, iska ba kauri. Injin da ba turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, mai turbo kuwa yana cike giɓin. Da a nan ne da abokinka ya cinye ka tun kafin a ɗaga hannu. In kuma kana da niyyar zuwa Jos da motar nan bayan wasan, a sake ɗaga ta tukuna. Hawan Kibo ba wurin gwada tayarod ba ne.

Injiniya, Gwarinpa:

Sannunku. Ni ba bakanike ba ce, aikin titi nake yi, kuma lambobin da Malam Ɗan Lugbe ya kawo ne suka tsaya mini a rai. Kwalta mita 550, tsere mita 402. Saura 148, sai katanga.

Mota irin wannan a ƙarshen mita 402 tana kusan kilomita 150 a awa, wato kusan mita 42 a kowane sakan. Kafin ƙafarka ta bar totur ta kama birki, sakan ɗaya ya tafi, mita 42 ke nan. A kan kwalta mai kyau da taya mai kyau, tsayawa daga wannan gudun yana cin kusan mita 125 zuwa 130. Ka haɗa, mita 170. Ka riga ka shiga katangar. Kuma kwaltar da motoci ba sa bi ba mai kyau ba ce, ƙura da yashi na kwance a kanta, balle yanzu da iska ke kaɗawa. A kan irinta lissafin yana iya wuce mita 250. Motarka ta haura tan biyu da rabi.

Ku yi mita 201. Rabin ne, kuma tsayi ne da ake yin gasa a kansa a Amurka ma, ba wanda zai ce kun ji tsoro. Za ku ƙare da gudun da bai kai 125 ba, kuna da kusan mita 350 na tsayawa. Musun naku ma ai a kan tashi ne. Ku sa a share wurin tashi da wurin birki da tsintsiya, yashin nan yana cikin abin da ke sa taya ta kama ta saki. In faɗin kwaltar bai kai motoci biyu su jera da sarari mai yawa a tsakaninsu ba, ku yi ɗaya bayan ɗaya a auna lokaci. Masu kallo su tsaya a bayan layin tashi, har da mai ɗaukar bidiyo. In ana son hoton gaban motar, a kafa wayar a gefe a bar ta ita kaɗai. Hoton zai yi wa Baba amfani, a rage masa gudu a ga ko tayoyin na juyowa ciki.

Ɗan Lugbe:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, an ɗaga ta yau da safe ina tsaye. Tayarod ɗin ciki na dama ya lanƙwashe, sai da aka mirgina shi a kan teburin ƙarfe na gani da idona. Robar shaf ta dama ta yage, giris duk ya wanke cikin rim. Abin da ya fi tayar mini da hankali, notin kan tayarod na hagu ƙusa aka zura masa aka lanƙwasa a madadin fin. Rak ɗin dai an ce lafiyarsa ƙalau.

An cire sifesa. Na samu aron rim ɗin asali da tayar titi guda huɗu iri ɗaya. Hajiya Injiniya, na tura wa abokina lissafinki, ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce 201 ɗin ta yi. Maigadi zai share.

Saura abu ɗaya, Baba. Ɗagawar gaban nan ba na son rabuwa da ita, ita ce kyan motar. Tunda an cire sifesa an sauya taya, ba zan iya barinta in sa 4H ɗin a hankali ba?

Baban Gareji, Apo:

Zaɓi ɗaya za ka yi ɗana. In ɗagawar za ta zauna, bi shawarar mutumin Jos ka tashi da baya kaɗai, da tayar titi za ka sha mamakin yadda za ta kama. In kuma 4H kake so, a sauke gaban. In irin zoben da ake ɗorawa a kan shokazoba ne, aikin wuni ɗaya ne, ka ajiye shi a gida, bayan wasan in ka ga dama a mayar. Ko wanne ka zaɓa, alaimen shi ne na ƙarshe, bayan an gama ɗaure komai motar na zaune a kan tayoyinta, kada a yi shi a tsakiyar aiki.

Bayan alaimen ka sa a ja layin fenti a kan notin kowane tayarod ya haɗa da jikin zaren, in ya motsa za ka gani. Tafi filin da tef ɗin awo. Auna tsakanin tayoyin gaba ta gabansu da ta bayansu kafin ka fara, ka rubuta, ka sake aunawa bayan kowane tashi. In lambar ta sauya, wasa ya tashi na ranar, ko da kai ke kan gaba. Tayoyin aron nan kuma ka duba lambobi huɗun da ke gefensu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi su, don ana ba da aron abin da ya daɗe a sito.

Fin sabo za a sa a gefe biyun, ba ya da tsada. Tsohon tayarod ɗin kuma kada ka bari yara su kai wa 'yan gwangwan, riƙe shi ka je kasuwa da shi a jera da sabon, don akwai masu kama da shi da tsawon zarensu bai kai ba.